Daga Wasiƙun Masu Sauraro: Idan Gero Ya Ƙone, Ina Alkawarin Allah?

A wannan fili mukan buga amsoshin da muka bayar ta rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya ajiye.

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani magidanci a ƙasar Kunci, ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce gona biyu ya gada, yana noman gero da dawa da wake, da rani kuma yakan sayi hatsi a kasuwannin ƙauye ya kai Dawanau. Bara ya yi shuka da ruwan fari, sai ruwa ya ɗauke har mako uku, shukar ta mutu. Ya ci bashin iri ya sake shukawa, ruwa kuma ya janye da wuri geron bai gama ƙosawa ba. Ana cikin haka wani da ya karɓi buhunan wakensa bashi ya yi ɓatan dabo. Ya ce shi fa bai taɓa fasa fitar da ushiri ba, ba ya fashin sujada, amma ga maƙwabcinsa da ko addu'a ba ya yi, rumbunsa ya fi nasa cika. Sai ya ce: ana ta yi mana wa'azi cewa Allah mai aminci ne, ba ya ta da alkawari. To ina alkawarin yake? Ko kuwa ni ne na yi wani laifi?

Malam, sannu. Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai muna so ka sani tambayarka ba saɓo ba ce. Annabi Habakuk da irinta ya buɗe littafinsa. Yahaya Mai Baftisma, wanda da bakinsa ya nuna wa mutane Almasihu, da ya ga kansa a kurkuku sai da ya aika a tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira. Yesu bai tsawata masa ba, ya mayar masa da amsa, har ma ya yabe shi a gaban jama'a. Saboda haka gyara zama, mu bi maganar daki-daki.

Me ke karya alkawarin ɗan Adam?

Kai ɗan kasuwa ne, ka fi mu sanin cewa alkawari kaya ne. In ka duba waɗanda suka taɓa saɓa maka, za ka tarar kashi uku ne. Akwai wanda tun ran da ya karɓi kayanka bai yi niyyar biya ba, wannan maƙaryaci ne. Akwai wanda ya yi niyya da zuciya ɗaya, amma kasuwa ta juya masa baya ko ciwo ya kwantar da shi, wannan ƙarfinsa ne ya kasa. Akwai kuma wanda mutuwa ta yi masa hanzari, magada suka ce ba su san zancen ba.

Ko takardar kuɗi da muke rufewa a aljihu, ai alkawari ce ta hukuma. Dattawa suna tune da 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta sauya launin kuɗi, ta ba da kwanaki kaɗan a canza, waɗanda suka binne nasu a tukunya da yawa suka tashi da takardun banza. A farkon 2023 kuma kowa ya ga yadda sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000 ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen mudun gero. Abin da ɗan Adam ya sa wa hannu ke nan, yau yana ci, gobe an sake shawara.

To idan Littafi Mai Tsarki ya ce Allah mai aminci ne, abin da yake nufi shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun da ya shafe shi. A Littafin Ƙidaya sura 23 an bayyana cewa Allah bai zama kamar mutum ba balle ya yi ƙarya ko ya janye maganarsa. Ƙarfinsa ba ya kasawa, gama shi ya yi sama da ƙasa. Ba ya kuma mutuwa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 6 ta ƙara wani bayani da zai shiga kunnen ɗan kasuwa. Mutum in zai yi rantsuwa yakan rantse da wanda ya fi shi, amma da Allah zai tabbatar wa Ibrahim maganarsa, da yake babu wanda ya fi shi, sai ya rantse da zatinsa. Wato shi ne mai alkawarin, shi ne kuma mai lamunin. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun gaskata cewa Allah ba ya saɓa alkawari, don haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ka lura ma da sunan da muke kiran kashi biyu na Littafinmu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Duk bangaskiyar Kirista a kan wannan kalma take tsaye.

A duba takardar da kyau

Sai dai fa, Malam, in mutum zai kai ƙara cewa an saɓa masa, alƙali zai fara tambayarsa: me aka ce za a ba ka? In an yi da kai za a kawo buhu goma ranar kasuwar Bici, ba ka da ikon cewa an cuce ka don ba a kawo ashirin ba. Yawancin ɓacin ran da muke yi da Allah daga nan yake fitowa, mukan riƙe shi da maganar da mu muka sa masa a baki.

Alkawarin da ya fi shafar manomi yana cikin Farawa sura 8, bayan ruwan tufana. Allah ya shaida wa Nuhu cewa muddin duniya tana nan ba zai tsai da juyawar lokatai ba, za a riƙa shuka ana girbi. Ya kuma sa bakan gizo ya zama alama cewa ba zai sake hallaka duniya duka da ruwa ba. Amma wannan littafi na Farawa da ya rubuta alkawarin, shi ne kuma ya ba da labarin yunwa har sau uku bayansa: ta zamanin Ibrahim a sura 12, ta zamanin Ishaku a sura 26, da ta shekara bakwai a zamanin Yusufu. Ka ga ashe tun farko ba a ce kowace gona za ta yi kyau kowace shekara ba. Abin da aka ce shi ne damina ba za ta ƙare a duniya ba.

Yanzu auna wannan da tarihin ƙasarmu. A 1913 ruwa ya ƙi, aka shiga yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba, mutane masu yawa suka mutu a ƙasar Kano a 1914. A 1972 da 1973 aka yi farin da ya kashe shanu daga nan har Nijar da Mali, a 1973 ruwan da ya sauka a Kano bai wuce wajen rabin abin da aka saba ba. A 1975 cuta ta kama gyaɗa ta durƙusar da nomanta, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A 1983 da 1984 fari ya dawo. A 2022 kuwa ruwan ne ya yi yawa, ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru akwai wanda ya zauna a gindin rumbu ya ce shi ke nan, ƙasa ta mutu. Amma bayan kowace sai hadari ya sake haɗowa daga gabas.

Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ƙasa ce mai yashi, mutane sun yi mata yawa, ana noma ta kowace shekara ba a barinta ta huta, amma tana ci gaba da ciyar da masu ita, saboda takin dabbobi da ake kai mata a mangala, da waken da ake sa wa tsakanin gero, da itatuwan da ake bari a gona. Gonar nan da ka gada, kakanka ya ci daga cikinta bayan Kakalaba, mahaifinka ya ci bayan 1973. Mu a wurinmu wannan shaida ce cewa maganar da aka yi wa Nuhu tana nan daram.

Ushiri ba adashi ba ne

Sai batun maƙwabcinka da batun ushiri. Yesu da kansa, a Matiyu sura 5, ya ce Allah yana ba mai kirki da mugu rana ɗaya da ruwa ɗaya, bai kuwa faɗi haka a matsayin aibi ba, ya faɗe shi ne don ya nuna yawan alherin Uba. Hadari ba ya tambayar wa ke zuwa majami'a kafin ya zuba. In gonar maƙwabcinka ta fi taka riƙe laima, ko ya yi dacen ranar shuka, geronsa zai fi naka, wannan kuwa ba ma'aunin matsayinku a gaban Allah ba ne.

Mun san akwai masu wa'azi da ke karanta Malakai sura 3 su ce wa jama'a: zuba kaza ka kwashi ninki kaza. A yi hattara. Annabi Malakai yana magana ne da jama'ar Isra'ila da suka dawo daga bauta suka yi watsi da hidimar Haikali, yana kiransu su komo. Bayarwa abu ne mai kyau, Allah kuma yana sa mata albarka ta hanyoyin da ya ga dama. Amma Manzo Bulus, a 2 Korantiyawa sura 9, ya ce kowa ya bayar da yardar ransa, ba da tilas ba. Wanda ya mai da baiko kamar zubin adashi, yana lissafin ran da kwasarsa za ta zo, ya mai da Allah uwar adashi ke nan, ranar da lissafin bai fita ba kuwa bangaskiyarsa za ta tafi tare da shi. Ka ci gaba da bayarwa gwargwadon abin da ka samu, bana kaɗan ne, ka ba da kaɗan da farin ciki.

Game da ko laifi ka yi, ba mu san zuciyarka ba, kowannenmu kuwa yana bukatar tuba kullum. Amma kada ka yarda wani ya ce maka lalle asarar gero hukunci ce. Abokan Ayuba haka suka yi ta gaya masa, a ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya.

To me aka alkawarta mana?

Ga waɗanda aka rubuta a fili, waɗanda za ka iya riƙe Allah da su ba tare da tsoro ba. Wanda ya furta zunubinsa za a gafarta masa, ka duba 1 Yahaya sura 1. Wanda ya zo wurin Yesu ba za a kore shi ba, Yahaya sura 6. Allah ba zai rabu da nasa ba, ba zai yashe su ba, Ibraniyawa sura 13, an kuwa faɗi wannan ne daidai wurin da ake gargaɗi a kan son kuɗi. Ba zai bari gwaji ya fi ƙarfinka ba, zai buɗe mafita, 1 Korantiyawa sura 10. Uba ya san kana bukatar ci da sutura, yana kuma lura da kai fiye da tsuntsaye, Matiyu sura 6. Matattu cikin Almasihu za su tashi, za a kuma yi ranar da kuka da yunwa za su ƙare.

Akwai kuma wani da ba a cika son karantawa ba. A Yahaya sura 16 Yesu ya gaya wa almajiransa ƙarara cewa za su sha wahala a duniya, sa'an nan ya ƙarfafa su da cewa shi ya riga ya ci nasara a kanta. Dillalin da ya gaya maka aibin doki kafin ka saya, shi ne wanda za ka sake nema. Ubangijin da bai ɓoye mana wahala ba, ya cancanci mu gaskata shi a kan sauran. Bulus ma sau uku ya roƙi a cire masa wata ƙaya da ke damunsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai iya ɗaukarta.

Ranar biya a hannunsa take

Wani abin da ke sa mu ga kamar an saɓa mana shi ne jinkiri. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Shekara 25 ke nan. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, tsakanin nan kuwa akwai bauta da sharri da kurkuku. Da ka same shi a kurkuku ka tambaye shi ina mafarkinsa, me zai nuna maka?

Kai da kake yin binne ka san wannan. Kakan zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ka rufe, ka koma gida. Baƙon da bai san noma ba zai ce ka zubar da abincin yaranka. Kai kuwa ka san abin da kake jira. Yakubu a wasiƙarsa, sura 5, da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe ya yi misalin haƙurin mai bi. Dubi kuma gawon da ke gonarka. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya kamar matacce. Da rani ya yi, komai ya bushe, sai ya fito da ganye, awaki su sami 'ya'yansa, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki, shi ya sa geron gindinsa yakan fi na saura. Wanda ya sare gawo a watan Agusta don ya ga ba ganye, ya yi wa kansa asara.

Annabin da ya sayi gona ana yaƙi

Akwai labari a Irmiya sura 32 da ya kamata kowane manomi ya sani. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Annabi Irmiya yana tsare a gidan waƙafi na fadar Sarki Zadakiya, shi da kansa kuma ya riga ya faɗa cewa birnin zai faɗi. Sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke garinsu Anatot. Wane mai hankali ne zai sayi gonar da abokan gaba suke takawa? Amma Allah ya ce ya saya. Ya auna azurfa shekel 17 a gaban shaidu, aka rubuta takarda aka buga hatimi, ya ba magatakardansa Baruk ya ce a sa ta a tukunyar ƙasa don ta daɗe, gama Allah ya ce za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Birnin ya faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, aka ƙone Haikali, aka kwashe mutane. A tsakiyar Littafin Makoki, wanda kuka ne a kan wannan kango, a nan ne aka rubuta ɗaya daga cikin manyan shaidu a kan amincin Allah, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya. Mai rubutun ba a kan cikakken rumbu yake zaune ba. Wajen 538 Sarki Sairus na Farisa ya ba da izini aka koma, aka sake noma ƙasar. Irmiya kuwa bai ga ranar ba, an riga an tafi da shi Masar. Maganar ta cika, ko da yake wanda ya biya kuɗin gonar bai ci amfaninta ba.

Irin wannan ya faru kusa da mu. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen Arewa. Cikin 1894 biyu suka mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta sami wurin zama a Pategi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana yi tare da wasu. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau Musulmi da Kirista suke zuwa, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Ko muryar da ta riƙa kawo wa iyayenmu wa'azi da Hausa ta sha katsewa: gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace gidan rediyon Muryar Bishara na Adis Ababa a 1977, yaƙin Laberiya kuma ya rushe gidan rediyon ELWA a 1990. Duk da haka ga shi kai, a ƙauyenka na ƙasar Kunci, kana karanta Maganar da harshenka har kana yi mana tambaya a kanta. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Kafin alƙalami

Wataƙila ka ce, to ni da ban ga ƙarshen ba, da me zan riƙe? In ka yi cinikin sa a kasuwar Ɗambatta, mai saye ya ba ka kafin alƙalami mai tsoka, hankalinka yakan kwanta, don ka san ba zai bar kuɗinsa ya gudu ba. Mu Kirista mun gaskata Allah ya riga ya ba da nasa. Alkawari mafi tsada da ya taɓa yi shi ne na aiko Mai Ceto, annabawa suka yi ta faɗa ɗaruruwan shekaru, ya kuwa cika shi a kan gicciye, ya tabbatar da shi da tashin Yesu daga matattu a rana ta uku. Bulus a Romawa sura 8 ya yi lissafin kamar ɗan kasuwa: wanda bai hana Ɗansa ba, ƙaramin abu ne zai hana? A Afisawa sura 1 kuma ya kira Ruhu Mai Tsarki da kalmar da 'yan kasuwar zamaninsa suke kiran kuɗin da akan fara bayarwa kafin a cika saura. Duk ran da ka karɓi Jibin Ubangiji, shaidar wannan ciniki ce ake sa maka a hannu.

Wani abin kwantar da rai kuma, amincin nan bai rataya a kan ƙarfin bangaskiyarka ba. A 2 Timoti sura 2 an ce ko mun kasa, shi yana nan yadda yake, don ba zai yi musun kansa ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka kuma mai da shi bakin aikinsa.

Abin yi kafin damina ta gaba

Dogara ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Da Shaiɗan ya karanto wa Yesu alkawarin tsaro daga Zabura ya ce ya diro daga kan Haikali, Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Saboda haka ka kai taki gona tun da rani. Ka nemi malaman gona na KNARDA su nuna maka irin gero da wake masu saurin nuna. Ka kasa kunne ga hasashen damina da hukumar NiMet takan fitar a farkon shekara, kada kuma ka zuba irinka duka a ruwan fari. Shekarar da aka samu, ka tuna da shawarar Yusufu ga Fir'auna, a ware kashi ɗaya cikin biyar a ajiye. Kada zafin bana ya sa ka yi gaggawar ba da gonar gado jingina, gona a ƙasarmu in ta fita hannu dawowarta da wuya. Ka sami wanda ya ba ka bashin iri tun bai neme ka ba, ka gaya masa gaskiya, ku sa rana.

Kada kuma kunya ta hana ka gaya wa fasto da dattawan ikilisiya halin da gidanka yake ciki. Sau da yawa ta hannun 'yan'uwa Allah yake cika maganarsa. Da aka yi yunwa a zamanin Sarki Kalaudiya, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa kowa gwargwadon ƙarfinsa suka aika Yahudiya, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 11. Ku kuma jama'a da rumbunku ya cika bana, dattawa da Zumuntar Mata, wannan magana taku ce. Dokar Musa ta ce a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Kada ɗan'uwa ya kwana da yunwa a unguwarku yana tambayar ina Allah, alhali amsar tana cikin rumbunku.

Na ƙarshe, Malam, wanda ya cuce ka a kan wake, ka bi hakkinka ta wurin shugabannin kasuwa da mai unguwa, wannan ba laifi ba ne. Amma kada cutarsa ta sauya maka hali. Mudunka ya zama ɗaya, na saye da na sayarwa. Kada ka zuba tsakuwa ko tsohon hatsi a gindin buhu. In ka sa rana ka cika, ko da farashi ya tashi bayan kun gama magana, gama Zabura 15 ta lissafta mai cika rantsuwarsa ko da za ta cuce shi cikin waɗanda za su zauna kusa da Allah. Mutane da yawa a Dawanau ba za su taɓa buɗe Littafinmu ba, a wurin mudunka za su ga ko Allahn da kake bi mai aminci ne.

Ka karanta ƙarshen littafin Habakuk a wannan mako tare da iyalinka. Annabin ya lissafta itatuwa ba 'ya'ya, gonaki ba amfani, garke ba dabba, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Mutumin da ya fara da ƙara, da wannan ya rufe.

Muna yi maka addu'a, kai da duk wanda bara ta yi wa irin wannan. Ka sake rubuto mana bayan kaka mu ji yadda aka ƙare. Sauran masu tambayoyi ku ƙara haƙuri, wasiƙunku suna hannu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da ku. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.